Kwalin Awon Baba

Lahadi, 22 ga Maris 1987, bayan la'asar

Yau Baba ya sa wa babur ɗinsa sabon kontak. Tun hantsi ya shimfiɗa buhu a gindin darbejiya, ya jera sifanu da sukurdireba kamar mai yi wa amarya jere. Babur ɗin nan ya girme ni da shekara guda, kuma Baba ba ya yarda kowa ya taɓa masa shi, ko bakanike ne.

Kontak wasu 'yan ƙarafa biyu ne a cikin murfin inji, suna buɗewa suna rufewa kamar bakin ɗan tsako. Baba ya ce daga nan wuta take tashi ta je filogi, kuma in bakin ya buɗe da yawa ko ya tsuke, babur ya shiga uku. Na asali ya ɓace a kasuwa. Shi ya sa Kawu Shu'aibu, ƙanin Inna mai shagon kayan babur a bakin titin Sharaɗa, ya zaɓo masa ɗan Taiwan. Ya ce sai da ya duba guda goma kafin ya ɗauki wannan.

Da Baba ya zo auna bakin sai ya nemi kwalinsa. Ɗan siririn yankin kwalin sukari ne, shuɗi, tsawon yatsa, ya sha baƙin mai. Shekara tara da shi yake awo, tun ranar da wani bakaniken kamfaninsu ya gwada kaurinsa da ma'aunin ƙarfe ya ce daidai yake. A taga yake ajiye shi. Ya duba taga, ya zazzage gwangwanin notuna, ya fara ɗaga murya. Inna ta ce, "Atika, ke mai idon gani, taya shi nema mana."

Na samo masa.

Ya karɓa ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ban iya cewa amin ba.

Litinin, 23 ga Maris, an fita tara a makaranta

Sau goma sha ɗaya Baba ya buga kik da safe, ina ɗaki ina ƙirgawa. A na bakwai kik ɗin ya dawo ya doke shi a ƙwauri, na ji ya yi salati. Ya tashi dai daga ƙarshe, amma da wata irin ƙara kamar tsoho mai tari.

Wataƙila haka sabon kaya yake yi kafin ya saba.

Talata, 24 ga Maris, bayan magariba

An ba Baba takardar gargaɗi. Babur ya mutu masa a hanya, ya isa Chalawa bayan an busa jiniyar bakwai an rufe get. Shekara goma sha shida yana kamfanin fata bai taɓa makara ba. Ya ajiye takardar a kan tabarma, Inna tana ta kallonta daga nesa kamar kunama.

Na ji yana gaya mata cewa ranar goma ga watan gobe za a kafe sunayen waɗanda za a rage, kuma manaja ya faɗa da bakinsa, duk wanda ya tara takarda uku ba sai ya tsaya duba allo ba. Inna ta ce, "To ka hau bas mana kafin ya daidaita." Ya ce daga Ɗorayi bas biyu ne, kuma na biyun sai ya ga dama yake zuwa.

Na ci tuwo loma uku. Inna ta taɓa goshina ta ce ko zazzaɓi ne. Da ma shi ne.

Laraba, 25 ga Maris, azahar

Ya wanke filogi da fetur, ya canja masa hula. Ba filogi ba ne.

Alhamis, 26 ga Maris, bayan la'asar

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta da ido.

Tun da na faɗi lissafi a zangon da ya wuce Baba ya ce kada ya sake ganin littafin soyayya a gidan nan, in ya gani murhu zai sa shi. Na ce to. Amma Zuwaira, wadda muke benci ɗaya, ta zo da wani sabo makon jiya, na karanta shafin farko kawai don in ga ko yana da daɗi. Na kawo shi gida a cikin hijabi, na riƙa ɓoye shi a ƙasan kwallar Inna. Ranar Juma'a ina zaune a bakin taga, na kai daidai inda saurayin ya tsaya a tashar jirgi yana duba tarago ɗaya bayan ɗaya, sai na ji sallamar Baba. Hannuna ya kai kan wani ɗan kwali na cusa a shafin na rufe. Wallahi ban duba ba. Washegari na gama littafin a gurguje, na mayar wa Zuwaira, kwalin yana ciki.

Wannan ba shi ne abin ba. Abin shi ne na ranar Lahadi. Da Baba ya fara nema, na gane nan take. In na faɗi inda kwalin yake, na faɗi littafin. Sai na shiga kicin na ɗauki kwalin sukarin Inna, na yanko daidai tsawonsa da reza, na goga masa baƙin man da ya ɗiga a ƙasa, na murza shi a gindin tukunya har ya tsufa. Na fito na ce a bayan randa na gan shi.

Da hankalina na yi. Har gefensa na ɗan lanƙwasa yadda na Baba yake.

Amma ai kwali kwali ne. Duk na sukari ne, duk shuɗi. Ba lallai ba ne shi ne.

Juma'a, 27 ga Maris, bayan an sauko daga masallaci

Na tare Zuwaira a bakin famfon makaranta. Sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaya.

Ta ce, "Kwali? Ke Atika, yadda kike rawar baki na ɗauka wasiƙar saurayi kika manta a ciki."

"Don Allah ba wasa nake ba."

"To ai littafin yana Bompai. Matar yayana ta ɗauka. Ita kuwa da yatsa take karatu, layi-layi, tana yi tana kuka. In kin yi sa'a ki gan shi kafin azumi."

Na riƙe mata hannu. Ban san hawaye ya zubo ba sai da ta daina dariya. Ta ce Asabar ta sama za ta je, ba ta da halin zuwa kafin nan. Kwana takwas.

Lahadi, 29 ga Maris, bayan la'asar

Kawu Shu'aibu ya zo. Tun daga zaure yake cewa, "Ina majinyacin? Malam Mamman, tsohon nan naka fansho yake nema, ka sallame shi ya huta."

Baba ya ce, "Shi zai raka shagonka kabari."

Kawu ya ce tunda yana mutuwa in ya yi zafi, kondensa yake zargi, wata 'yar gwangwani kamar kan yatsa da ke zaune kusa da kontak. Ya fito da guda biyu daga aljihu ya ɗora wa Baba a tafin hannu. Ɗaya sabuwa fil tana sheƙi, ɗaya ta dushe, an kwanto ta daga wani babur irin na Baba.

"Ji nauyi. Mai sheƙin nan fanko ce, ta 'yan gaggawa ce. Tsohuwar nan ta asali ce, ita zan sa in nawa ne."

Suka sa tsohuwar. Suka cire filogi suka jingina shi a jikin inji, Baba ya buga kik, Kawu ya tsuguna ya kare rana da hularsa yana kallo. Ya ce wutar ja-ja ce, ba ta da rai, kamata ya yi ta fito shuɗiya tana cewa tas. Ya sosa gemu. Sannan ya zaro ma'aunin ƙarfe daga aljihun gaba.

"Bari in sa wannan a bakin kontak ɗin in gani."

Ina tsaye da kwanon ruwan da Inna ta aiko ni da shi. Na ce a raina, ya Allah ya sa. Na kuma ce, ya Allah kada ya sa. Ban san wadda aka amsa mini ba.

Baba ya dafe murfin da hannu. "Sau biyu na auna da kaina. Kwalina ya girmi shagonka, Shu'aibu. Ka duba kayanka dai."

Kawu ya yi dariya ya mayar da ma'aunin aljihu. Ya karɓi ruwan ya ce, "'Yar gidan Kawu, yaya hannunki yake rawa haka? Ko an fara zuwa zance ne ba a gaya mini ba?" Na gudu ɗaki. Suka ɗauka kunya ce irin wadda na saba.

Da yamma babur ya tashi, Baba ya zaga unguwa ya dawo yana murmushi.

Talata, 31 ga Maris, bayan magariba

Takarda ta biyu.

A hanyar Panshekara ya mutu. Baba ya tura shi har bakin get cikin ranar nan, ya kuma turo shi ya dawo da shi gida. Rigarsa ta manne a bayansa. Ya jingine shi a bango, bai rufa masa buhu ba yadda ya saba.

Laraba, 1 ga Afrilu, hantsi

Yau daga masallacin asuba ya wuce bakin titi neman bas, ko koko bai sha ba.

A littafi, in yarinya ta yi laifi sai ta kwanta ciwo, kowa ya taru a kanta yana kuka, a yafe mata tun ba ta buɗe baki ba. Na kwanta na jira. Lafiyata lau.

Alhamis, 2 ga Afrilu, bayan isha'i

Baba ya je shagon Kawu bayan an tashi daga aiki. Ni ban ji daga bakinsa ba. Matar Kawu ce ta zo da magariba, ko zama ba ta yi ba, ta gaya wa Inna a tsaye. Wai shagon cike da mutane, Baba ya jefa kwalin da kontak ɗin ya zo a ciki a kan kanta ya ce, "Har ni za ka sayar wa jabu? Ina auren yayarka?" Wai Kawu sunkuyawa kawai ya yi ya ɗauki kwalin ya ajiye a gefe.

Inna ta ci gaba da tuƙa tuwo bayan ta tafi. Ta yi ta tuƙawa har ya wuce yadda ake so. Na ce, "Inna, kawo in karɓa." Ta ce, "Bar ni, ke kaɗai ce ba ki ɓata mini rai ba a gidan nan."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "A ɗora miya?"

Juma'a, 3 ga Afrilu, azahar

Gobe. Gobe in Allah ya so.

Asabar, 4 ga Afrilu, bayan la'asar

Zuwaira ta kawo shi a ƙulle a gefen ɗankwali. Ta ce matar yayanta ta kusa jefar da shi saboda ya ɓata mata shafi da mai. Ta ce, "Ga dukiyarki, Hajiya. Allah ya sa ba asiri ba ne."

Da ta tafi na ɗauko nawa daga taga na haɗa su a haske. Nawa ya kusa ninka na Baba kauri. Ashe daga bakin kwalin na yanka, inda aka manne biyu da gam. Ai ko makaho in ya shafa zai ji, amma yatsun Baba ruwan jima ya cinye su sun yi kanta, ko allura ba ya iya tsinta a tabarma.

To shi ne. Ba kontak ba ne, ba kondensa ba, ba Kawu ba.

Na mayar da na gaskiyar taga, daidai inda yake zama. Na cusa nawa a ƙasan akwati. Gobe Lahadi zai buɗe babur, zai auna, zai gyaru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na ji kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ka. Har waƙa na yi ina wanke-wanke, Allah ya yafe mini.

Lahadi, 5 ga Afrilu, bayan magariba

Bai taɓa kwalin ba.

Kwayil ya sayo, wato abin da ke ƙara wa wutar filogi ƙarfi, na kwance, a wajen wasu can cikin gari, tunda ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka shagon Kawu ba. Kwayil a ƙarƙashin tanki yake, ba ruwansa da murfin kontak. Ya ɗaga tanki, ya cire tsohon, ya ɗaura wannan, ya naɗe wayoyi da baƙin tef. Ina zaune a bakin ƙofa da faifan wake a cinya, wake ɗaya nake ta tsinta. Ina kallon taga, ina kallon sa.

Da na ga yana tattara sifanu na ce, "Baba, ba za ku sake auna kontak ɗin ba?"

Ya ɗago yana mamaki, don ban taɓa sa baki a maganar babur ba. Ya ɗan yi dariya irin ta gajiya. "Uwar kanikawa. Abin da na auna sau biyu? Duk abin da ke jikin babur ɗin nan shi kaɗai ne ba na shakka."

Ya buga, a na biyar ya tashi. Ya zaga unguwa ya dawo ya ce wa Inna an gano ciwon, gobe ba shi ba bas. Inna ta ce alhamdu lillahi.

Haka ya zaga unguwa Lahadin da ta wuce. Unguwa ba Chalawa ba ce. Zai yi zafi a hanyar Panshekara ya mutu, kuma takarda biyu ce a aljihunsa.

Litinin, 6 ga Afrilu, hantsi, ban je makaranta ba

Ya dawo daga masallaci ya sha koko, ya turo babur zuwa zaure. Na bi shi da kwalayen biyu a hannu. Na durƙusa. Na shirya magana mai tsawo tun jiya, mai kyau, irin wadda ake yi a littafi. Ko kalma ɗaya ban tuna ba.

Na ce, "Baba, wanda kuka auna da shi ba naku ba ne. Ni na yanka. Ga naku."

Bai gane ba. Na sake faɗa, da littafin, da Zuwaira, da rezar, da gindin tukunya. Ƙasa nake kallo, takalmansa kawai nake gani, ba su motsa ba.

Ya karɓa. Ya murza su a yatsa, bai ji komai ba. Sai ya sa ɗaya a tsakanin haƙoransa na gaba, ya cire, ya sa ɗayan. Ya daɗe da na biyun a baki.

Ya duba agogo. Shida da kwata.

Na zaci mari. Na ma so marin. Sai ya ce, "Sukurdireba." Na ruga na kawo. Ya kwance murfin, ya juya faifan injin da hannu har bakin kontak ya buɗe iyakarsa, ya zura kwalinsa. Kwalin yana ta yawo a ciki, ko gefe bai taɓa ba. Ya sassauta noti, ya matso da bakin a hankali, ya zura ya zaro, ya zura ya zaro, har sai da kwalin ya riƙa fitowa da ɗan ja. Ya ɗaure. Sau biyu notin murfi ya faɗi daga hannunsa.

A bugu na biyu ya tashi, da muryarsa ta da, wadda tun ina goye nake ji. Ya fita bai waiwayo ba.

Inna tana bayan labulen zaure. Ta ji duka.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Saura minti huɗu a busa jiniya ya buga kati. Inna ya gaya wa, ba ni ba.

Ita kuwa magana ɗaya ta yi mini yau. "Kina zaune aka kira ɗan'uwana maci amana, kika tambaye ni ko a ɗora miya."

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan isha'i

Da ya dawo daga aiki bai kashe babur ba, ya aiko Inna ta ce in sa hijabi. Rabon da in hau bayansa tun ina aji biyu na firamare. Muka nufi Sharaɗa. Manyan motoci suna wuce mu, ni ina riƙe da ƙarfen baya don kada in taɓa rigarsa.

Shagon da mutane, wasu a benci, wasu a tsaye. Baba ya yi sallama da ƙarfi yadda kowa zai juyo. Ya ce, "Shu'aibu, a nan na faɗa, a nan zan janye. Kayanka lafiyarsu ƙalau. Awona ne ya ɓaci. Ka yafe ni."

Ya tsaya a nan. Bai ƙara ba, bai kalle ni ba.

Kawu yana goge wani filogi da tsumma. Ya ce, "Awonka? Kai da ka hana ni sa ma'auni?"

Na ga Baba zai haɗiye laifin duka shi kaɗai, a gaban mutanen nan, da furfurarsa. Ban san lokacin da na ce, "Kawu, ni ce," ba. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Wani a benci ya ce, "Me ta ce?" Dole na sake faɗa, da ƙarfi, tun daga farko, har da shafin da na tsaya a littafin.

Da na gama kowa ya juya wajen Kawu. Kawu ya ajiye tsumman ya daɗe yana kallona. Can ya ce, "To shi mutumin tashar jirgin, ya same ta dai?"

Shagon ya fashe da dariya. Na ja hijabi na rufe fuska. Da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Amma da dariyar ta lafa sai ya juya wajen Baba, fuskarsa ba wasa. "Tun ranar Alhamis mutum uku suka dawo mini da kaya, wai sun ji labari. Na yafe, Malam Mamman, don ba ni da wata yaya sai ita. Amma ka bar ni in huce."

Baba ya ce, "Ka faɗa mini sunayensu. Gida-gida zan bi."

Ni kuma Kawu ya ce mini, "Ke, ki gaida Innarki." Ya ɗauki tsummansa ya ci gaba da goge filogin.

Juma'a, 10 ga Afrilu, bayan magariba

An kafe sunaye. Mutum arba'in da ɗaya. Babu na Baba.

Ya faɗa yana cire takalmi, kamar labarin wani. Inna ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da zane. Ni ina ƙofar kicin, ban san ko ina da izinin yin murna ba.

Jiya ya je gidan biyu daga cikin mutanen Kawu, gobe zai je na ukun a Kumbotso. Har yanzu in yana son abu cewa yake, "A ce wa yarinyar nan." Inna ta fara amsa gaisuwata, a taƙaice.

Ɗazu da ya gama cin tuwo na je ɗauke kwano. Ya bar tsoka ɗaya a gefe, ya tura kwanon wajena da bayan hannu, idonsa yana kan rediyo. Na kai kicin na zauna da shi a cinya. Ya huce ban iya ci ba, kuma ban iya ba kowa ba.